Garin Gahawa a Akwatin Taimakon Gaggawa

Ƙarfe tara da rabi, a bakin filin makarantar 'yan mata a garin Damanhur. Nurhan, malamar wasanni, ta buɗe akwatin taimakon gaggawa a kan benci tana leƙen ƙofa. Ƙarfe goma sufeto zai zo ya duba akwatin, in bai cika ba, babu wasan ƙwallon hannun da ɗalibanta suka yi wata uku suna shirinsa. Kakanta, Hajj Shahata, shi ta aika kemis tun da safe. Sai ga shi yana tafe a hankali, hannunsa na hagu cikin aljihun jallabiya.

"Lafiya lau, Kyaftin," ya amsa gaisuwarta da sunan da yake tsokanarta da shi. "Ko kujera ba a ba baƙo a makarantar nan?"

"Kujera ta wanda ya dawo da wuri ce. Kemis na aike ka, Kaka, ba Iskandariyya ba. Ina bandejin?"

"Na kawo miki abin da ya fi bandeji." Ya ajiye ƙullin takarda a benci. "Shinshina."

"Garin gahawa?"

"Sabon niƙa, ba sukari. Yarinya ta faɗi ta kurje gwiwa, ki cika ciwon da shi, jini ya tsaya cak. Ga albasa kuma, in wata ta suma."

"In sufeto ya buɗe akwati sai ya tambaye ni ina tukunya! Ciwo ruwa mai tsabta yake so, a wanke, a danne da bandeji, a ɗaga wurin sama. Wadda ta suma kuwa kwantar da ita ake, a duba numfashinta, ba miya ake da ita ba."

"Ji 'yar jiya! Ni da na tsare raga shekara tara, ƙwallo ba ta taɓa shiga ba."

"Don ba ku da ƙwallo. Tsumma kuke bugawa."

"Kalli ƙwaurin nan. Har ƙashi ya bayyana, aka zuba min gahawa, na tashi na gama wasa."

"Ka gama wasa, ka yi wata guda a kwance da zazzaɓi. Matarka ta ba ni labari. Ta ce da likita ya zo kankare garin, har masu jirgin ruwa a kogi sun ji ihunka."

"Waƙa nake yi. Tsohuwar nan ba ta san waƙa ba."

"Kaka, saura minti ashirin. Yaran nan ko karin kumallo ba su iya ci ba don ɗoki. Da gaske ba ka sayo ba?"

Ya kawar da kai yana kallon raga. Sai a lokacin ta lura hannun nan bai fito daga aljihu ba tun zuwansa.

"Me ke hannunka?"

"Yatsu biyar."

"Fito da su a ƙirga."

Ya fito da shi. Babban yatsan ya tsage, ya yi baƙi ƙirin da gahawa, jini na tsattsafowa.

"Ƙofar tuktuk, keken hayar da na hawo, ce ta gaishe ni," ya ce. "Na riga na yi magani."

"Zauna, likita."

Ta sa safar hannu, ta kwarara masa ruwan gora. Ya ja iska ta haƙora.

"Waƙar ce ta dawo?"

"Tari ne, marar kunya."

"To da me zan ɗaure yanzu? Da ɓawon albasa?"

Ya zura hannun dama a ɗaya aljihun ya fito da ledar kemis. Bandeji, auduga, filasta, komai da komai.

"Tsohon nan! Suna jikinka, ka bar jini yana zuba?"

"Kin rubuta bandeji goma sha biyu, sha biyu na kawo. In na taɓa ɗaya, sufetonki ya hana yara wasa, wa zai zauna da ke a gida?"

Ta yage ɗaya, ta danne yatsan, ta ɗaga masa hannun sama da kafaɗa.

"Goma ake buƙata, Kaka. Na ƙara biyu ne don na san wanda na aika."

Ya dubi yatsan, fari fat, ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace.

"Kin ci, Kyaftin. Ɗauki gahawar, na ba ki kyauta. Amma ki dafa min kofi ɗaya, in sa ta inda ba za ki iya wankewa ba."