Hajiyar Florence

Ba zan taɓa mantawa ba da yinin da surukina ya yada zango a Doha. Har yau idan motar ma'aikata ta bi da mu ta unguwar Al Mirqab, muka gifta wani gidan abinci na 'yan Yaman, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a ƙarƙashin kujera.

Bari in fara gaya muku aikina. Ni mai tsaron ƙofa ne a wani babban otal a nan Doha. In buɗe ƙofar mota, in ce barka da zuwa, in ɗauki jaka. Ina jin daɗin aikin, kuma da shi Allah ya rufa min asiri har na kafa ɗan gidana a Kano. To amma abin da aka sani a gida shi ne "yana aiki a otal a Qatar". Ban san wanda ya ƙara "manaja" a kai ba. (Wallahi ba ni na ƙara ba. Amma kuma ban cire ba.)

Surukina, Alhaji Sabo, fatu yake saye da sayarwa. An daɗe Italiyawa na zuwa Kano suna ɗibar fatun awaki a hannunsa, amma shi bai taɓa taka ƙasarsu ba. Mutum ne mai ƙarancin magana. Idan ka durƙusa ka gaishe shi ya ce "lafiya" sau ɗaya, to ka samu rabonka, tashi ka tafi. Tun da na auri 'yarsa Hafsat ban taɓa haɗa ido da shi ba, kuma kullum a raina ina jin bai gama yarda cewa ta yi dacen miji ba.

Wata rana ina hutun rana sai ga wayar Hafsat.

"Abban Sadiq, Baba fa zai je Italiya. Masu sayen fatarsa sun gayyace shi ya ga majemarsu, kusa da wani gari wai shi Florence. Ta Doha jirginsa zai bi. Ya ce tunda harkarka ce, ka nema masa masauki. Amma ka san halin Baba. Ba ya son tsada, ba ya son hayaniya, ba ya son wurin da ake shan giya."

Na gyara tsayuwa kamar tana ganina. "Ki ce masa ya ɗauka an gama. Khalas."

Ashe ba a gama ba, ba a ma fara ba. Da na shiga intanet sai na tarar Florence gari ne da duk duniya ke son zuwa a lokaci ɗaya. Otal mai kyau, kuɗinsa sai ka zauna. Mai araha kuma kowanne da cutarsa. Wani yana can bayan gari, alhali Baba kullum sai ya hau jirgin ƙasa zuwa majema. Wani yana hawa na sama can, babu na'urar hawa, ga gwiwar Baba da ciwo. Wani banɗaki ɗaya ne na kowa da kowa. Na ga wani mai arha sosai har na fara murna, sai na lura gadaje ne masu hawa biyu, a haɗa ka ɗaki da samarin Turawa masu goyon jaka. Na rufe ido na hango Alhaji Sabo da babbar riga yana hawa gadon sama. Na ce a'uzubillahi, na wuce.

Ina dab da karaya na ci karo da shi. Wani tsohon gida ne mai lambu a tsakiya, da bishiyoyin lemo. Zanin gado fari tas. Kowane ɗaki da banɗakinsa. Daga nan zuwa tashar jirgin ƙasa tafiyar ƙafa ce. Kuɗin kuma kamar an yi kuskure wajen rubutawa. Bayanin da Italiyanci yake, na sa waya ta fassara min, ina karantawa ina hamdala. Ba a shiga da giya. Ana rufe ƙofa kafin dare ya yi nisa. Ana roƙon baƙi su sa tufafin mutunci, su guji ɗaga murya. Sai kuma layin da ya gama da ni: akwai ɗakin ibada, a buɗe yake ga duk baƙo.

A ƙasa akwai wani ɗan ƙaramin hoto. Tsofaffin mata uku a cikin lambu, dogayen riguna har ƙasa, kowacce ta rufe kanta ruf, suna murmushi.

Na daka tsalle na taso abokin ɗakina Awudu, mutumin zangon Kumasi ne, direba. "Awudu, zo ka ga ikon Allah! Otal ɗin Musulmi a tsakiyar Italiya, Hajiyoyi ke riƙe da shi, har da masallaci!"

Ya karɓi wayar ya ƙura ido, ya ce da Hausarsu ta Kumasi: "Massa, wannan kaya kamar na san shi fa. Makarantar da ƙanwata ya yi a Kumasi..."

Na fizge wayata. "Kai tuƙi ka sani. Harkar otal ka bar wa masu ita."

Ya ɗaga kafaɗa ya koma ya kwanta. Ni kuwa nan take na biya, kuma don a ƙara rage min na zaɓi farashin da ba a mayar da kuɗi ko ka fasa. (Na ce ai wa zai fasa sauka a gidan Hajiyoyi?)

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na yi wa Hafsat saƙon murya mai tsawo, ina jan magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Ita kuma don alfahari da mijinta ta tura zauren danginsu. Kafin gari ya waye labari ya yi ƙiba. Wata gwaggo ta ce ta ji har liman gare su. Surukata ta kira ni da kanta tana sa min albarka. Ni ma ban zauna ba: na tsara wa Baba jirgin ƙasan da zai riƙa hawa, na nemo masa inda ake sayar da abincin halal kusa da tasha, na gaya wa Hafsat ta sa masa rigar sanyi da takalmi mai taushi don titunan garin na dutse ne. Gaskiya wannan ɓangaren na yi shi da kyau, ku ma ku shaida.

Ranar da ya iso, jirginsa na gaba sai yamma, kuma ya samu izinin fitowa gari. Na ɗauki hutu, na sa shaddata ta Sallah, Awudu ya aro mota ya tuƙa mu. Muka zaga da Baba bakin teku ya ga dogayen gine-gine, ya ce "to". Muka yi azahar, muka wuce gidan abincin nan na Al Mirqab, aka shimfiɗa mana a kan darduma, aka kawo faranti guda na shinkafa da naman rago. Da farko na ƙi sa hannu don kunya, sai da ya ce, "Ci mana, Malam. Nan ba Kano ba ne."

Muna cikin ci ya ɗago ya ce, "Na ji ƙoƙarin da ka yi. Allah ya yi maka albarka."

Jama'a, ban taɓa jin magana mai tsawon wannan daga bakinsa ba. Na ji kamar in tashi in zaga gidan abincin da gudu. Sai ya ƙara da tambaya: masallacin nasu, ana Juma'a a ciki, ko sai ya nemi wani?

Mai hankali zai ce, "Zan bincika, Baba." Ni sai na ce, "Bari in kira su ta bidiyo ka gani da idonka."

Na jingina wayar da kwalbar ruwa, na juya ta yadda kowa zai gani. Ta yi ƙara kaɗan, sai ga fuskar wata tsohuwa da tabarau, kanta a rufe da mayafi mai ruwan toka, fuskar nan cike da fara'a. Na kalli Baba, na kalli Awudu, irin kallon nan na "ba na gaya muku ba". Na ɗaga murya yadda har na teburin gefe sai da suka waiwayo.

"Assalamu alaikum, Hajiya!"

Ta yi murmushi ta ɗaga hannu. Turancinta kaɗan ne, nawa ma ba wani mai yawa ba, amma muka fahimci juna. Na gaya mata sunan baƙonta, ta duba ta ce suna jiransa. Na ce dattijon yana son ganin wurin ibada. Sai ta yi murna sosai, ta ɗauki wayar ta miƙe. Muna ganin baranda, muna ganin lemo, muna jin takunta. Ta tura wata ƙofar katako, ta juya mana wayar.

Bencuna ne a jere. Ga kyandirori suna ci. Can gaba kuma, daga sama har kusan ƙasa, ga wani ƙaton gicciye.

Ta dawo da wayar kan fuskarta don ta ga ko ya burge mu. A lokacin ne na ga ƙaramin gicciyen da ke lilo a ƙirjinta, wanda da na buɗa hoton nan da yatsu biyu tun ranar farko da na gan shi.

Shinkafar da ke hannuna ta tsaya a hanya. Awudu ya ƙware, ya miƙe yana tari yana cewa bari ya duba mota (motar da ke tsaye lafiya lau a inuwa). Baba ya goge hannu, ya zaro tabarau daga aljihu, ya saka, ya matso kusa da wayar. Ya daɗe yana kallo.

"Malam," in ji shi a hankali, "wannan ai sista ce."

Gidan 'yan coci ne, na matan nan da suka bar aure suka ba da rayuwarsu ga ibada, suna karɓar matafiya da rahusa. Duk abin da na karanta gaskiya ne. Ni ne na ɗora masa hula.

To a nan ne ya kamata ƙasa ta tsage in shige. Da ta ƙi tsagewa, sai bakina ya buɗe da kansa, ba tare da ya shawarce ni ba. Na ji kaina ina cewa:

"Wataƙila kwanan nan suka musulunta, Baba. Ba su gama kwashe kayan ba."

Har yau ban san daga wane lungu na jikina maganar nan ta fito ba.

Sai kafaɗun Baba suka fara rawa. Na ɗauka ɓacin rai ne. Ashe dariya ce. Alhaji Sabo, wanda 'ya'yansa ma ke rantsuwa ba su san launin haƙoransa na ciki ba, ya yi dariya har ya cire hula yana share hawaye da ita. Tsohuwar ba ta san me ake ciki ba, amma ita ma ta kama dariya daga can Florence. Ni kaɗai ne ban yi ba. Ina zaune ina lissafin yadda zan nemo wani masauki kafin jirgi ya tashi, da abin da zan ce wa surukata, da ko Hafsat za ta ƙara ɗaga wayata.

Da ya natsu sai ya jawo wayar gabansa. Da ɗan Turancinsa na kasuwa ya tambaye ta abu uku. Zai iya salla a ɗakinsa? Ta ce ƙwarai, Musulmi sun sha sauka a wurinsu, za ta ma nuna masa bangon da suke fuskanta. Za a sa masa naman alade? Ta kama baki ta ce a'a, za ta gaya wa mai girki. Akwai ruwan zafi da asuba? Ta ce akwai.

Ya miƙo min wayar ya ci gaba da cin abincinsa.

Na ce, "Baba, a yi haƙuri. Yanzu zan nemo wani."

"A'a. Nan zan sauka. Lokacin da muke zaune a Jos, irinsu ne suka karɓi haihuwar matarka a asibiti, uwarta na tsakanin rai da mutuwa. Mutane ne masu tsafta da amana." Ya ɗan tsaya, kafaɗun suka sake motsi. "Idan na je zan taya su kwashe kayan."

Haka aka yi. Ya je, ya sauka, ya yi barcinsa lafiya. Ya turo hoto yana tsaye a gindin lemo da carbinsa. Cinikin da ya kai shi ya faɗa, kuma duk tafiyar da ya sake yi can yake sauka, ya ce ba shi da wani gida a Italiya sai nan. Abin mamaki, tun daga ranar shi da kansa yake kirana, mu yi hira har da su farashin fata. Hafsat ta ce abin da sadaki da kayan Sallah ba su yi ba, wauta ta yi shi a zama ɗaya.

Sai dai labari ya riga ni isa Kano. Yanzu ko ƙaramin yaro a gidansu na gaisa da shi a waya, kafin ya ajiye sai ya ce, "Yaya, ya Hajiya?" Awudu kuwa duk Asian Town, unguwarmu ta 'yan ci-rani, babu wanda bai ba labarin ba, har da wani ɗan Nepal mai aski da ko Hausa ba ya ji.

Na zauna na yi tunani a kan abin, kuma ga iya abin da na fahimta. Ganin mayafi ka ce Hajiya, kowa na iya yi, ido ne. Wannan da tuni an manta da shi. Abin da ya bi ni har yau shi ne gyaran da na yi ƙoƙarin yi. Saboda haka ɗan'uwa, ranar da asirinka ya tonu a gaban surukinka, in dai akwai shinkafa a gabanka, to ka cika bakinka da ita.