Biron da Yake Shan Caji

Ranar Talata na leƙa shagon Gide mai cajin waya a nan Kankara don in karɓi wayata. Ya miƙo mini ita, ya haɗo da wani abu shuɗi mai kama da biro.

"Maman Adnan, tafi ma Adnan da nashi, ya cika."

"Gide, yaushe biro ya fara shan caji?"

"Wane biro? Sigarin lantarki ce. Kin ga layinsu can, duk na 'yan makaranta ne. Wannan mai ƙamshin mangwaro ce."

Wata biyu ɗan farin nawa, mai shekara goma sha huɗu, yana tari yana ƙamshin mangwaro, ni kuwa ina ta ɗura masa zuma da citta, ina murna yaro ya kama cin kayan itatuwa. Ban taɓa tambayar kaina inda ake samun mangwaro ana tsakar girbin dawa ba.

Dole in jinjina wa kamfanin da ke yin ta. Sun rubuta a kwali cewa ba ta yara ba ce, da Turanci, da haruffan da sai ka ari tabarau. Sannan suka yi mata launin alawa, ai ka san dattawa ba su da abin so kamar alawa.

Su ma Masu Girma Iyayen Kwamiti na gwamnati, Allah ya ƙara musu kujeru masu laushi, maƙwabciyata Mairo ta ji a rediyo sun yi taron kwana uku a otal a kan lamarin.

Na ce mata, "To me suka yanke?"

"Sun yanke cewa abin damuwa ne ƙwarai."

Madalla. Ni a tsaye na yanke wannan, ko ruwan gora ba a ba ni ba.

Da aka tashi Islamiyya na tara iyaye mata, muka ɗunguma shagon. Gide ya ga hijabai goma sha biyu, nan take ya tuba: duk wadda aka kawo caji, uwar mai ita ce za ta karɓa. Yaron nawa kuma na kai shi asibiti. Likita ya ce ƙirjin zai washe in ya daina.

Yanzu guda goma sha tara da iyayen suka kawo mini ke cikin tsohuwar kwallata, a ƙarƙashin gado. Iyayen Kwamiti, ranku ya daɗe, ku zo ku kwashe. Ku taho da mai hoto, ku ce ku kuka kama. Ni dai tarin ya tsaya.