Karsanar da Ba Ta da Takarda

"...Ya gajiyar hanya, amarya? Ke da sai da Sallah ake ganinki, yau har da tsire?"

Alhaji Bamanga, daga kan tabarmarsa a ƙofar gida a Manawashi, ya karɓi ƙunshin ya shinshina, ya ajiye. Jikarsa ce Jannat mai karatun lauya, kuma tunda take ko ƙwayar gyaɗa ba ta taɓa ba shi a banza ba. Ga shi gobe zai kai jar karsanarsa kasuwar shanu. Ransa bai kwanta ba sam.

"Ci mana, tsohon ango. Ko haƙoran sun yi ritaya?"

"Haƙorana sun girmi ubanki, suna nan daram. Me kika barbaɗa a ciki?"

"Yaji. Jarrabawa gare ni kan dokar ƙasa da ƙasa, na zo ka taya ni bita."

"Ni da sai dangwale? Fito fili, yarinya."

"Wai an ce tushenta yarjejeniya ce da al'ada. Ni kuwa na ce al'ada surutun tsofaffi ce. In babu takarda da sa hannu, babu doka."

Nan fa ta taɓo inda yake masa ƙaiƙayi, ya manta da zarginsa.

"Boko ya cinye miki kai! Na kora shanu har Kamaru da Chadi, wa ya ba ni takardar burtali? An saba bi, kuma kowa ya yarda dole ne a bar shi."

"Ko ba a rubuta ba?"

"Ko ba a rubuta ba!"

"Wanda ya shekara ashirin bai musa ba fa?"

"Ta hau kansa!"

Sai a lokacin ya lura wayarta tana ɗaukar murya.

"To Kaka, ranar sunana, wa ya nuna saniya gaban jama'a, yadda Fulani suke yi, ya ce ta jaririya ce?"

"Wannan ai ta mutu kina firamare."

"Ta bar 'ya, 'yar ta haifi jar karsana. Jika ce kamar ni, kuma ba ka isa ka sayar da mu gobe ba."

"Kawo takarda!"

Ta latsa waya. Muryarsa ta fito tangaram: "Ko ba a rubuta ba!"

Tsoho ya yi dariya har hularsa ta zame. Can ƙasan ransa ma daɗi ya ji, don dama bai so rabuwa da ita ba.

"Allah ya shirye ki. Taki ce. Amma dusa da harawa daga yau ke za ki kawo."

"Shekara ashirin kana ciyarwa ba ka musa ba. Ta hau kanka."

Ya jawo ƙunshin ya buɗe.

"Matsa can, in ci abina. Duk Gombe ba a taɓa sayen tsire da karsana guda ba sai ni."