Kunnen Hagu Ya Bi Ɗan'uwansa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da bai saba rubuta abin da idon jama'a zai gani ba, Akofa ta gidan Agbeko da ke unguwar Be tana sanar da 'yan'uwa da abokan sauraro rasuwar iyafis ɗinta na jin kiɗa a waya, baƙi, mai igiya, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a cikin motar haya, tsakanin Babbar Kasuwa da Dekon, yana tsakiyar waƙa. Tana roƙon a gafarce ta da ta yi karambanin ɗaukar alƙalami. Ta jira wanda ya fi ta kusanci da marigayin ya rubuta, sai ta lura a kwanakin nan yana da abin da ya sha masa kai.

Marigayin ba a hannunta ya tashi ba. Asalinsa na Fo Selom ne, wato Yaya Selom, ɗan maƙwabtansu da suke tsakar gida ɗaya. Shi ne ya fara jan ta zuwa shagon gyaran waya na Fo Kpakpo a Dekon, inda masu jin kiɗan metal, mai ihu da ƙarar jita, na birnin Lome ke haɗuwa duk Asabar da la'asar, sanye da baƙaƙen riguna a cikin wannan zafi, suna ta musu a kan mawaƙi guda. Wani Bature ne na ƙasar ƙanƙara mai sunan da ke karya harshe, don haka suke ce masa Togbi, wato kaka, saboda yawan 'ya'yansa. Kundayen waƙoƙinsa sun cika kanta guda, kuma babu biyu da suka yi kama. Waƙa ɗaya takan tashi da ihu, ta ratse ta shiga coci, ta fito ta yi rawa, kafin ta tuna inda ta nufa tun farko. Da bangon kowane kundi suke kiransa. Akwai Ja, wanda gangunansa ke gudu kamar injin niƙa ya haukace. Akwai Zinariya mai taron mawaƙa kamar ranar Ista. Akwai Akuya, wanda Togbi ya yi a kan wata akuya da ta gaji jirgin ruwa, wanda har yau ba a yafe masa ba. Sai Mai Ruwa, wanda ba ya ɗaga murya.

A shagon nan baƙo ba ya zaɓar inda zai fara. Wanda ya kawo ka shi ke zaɓa maka ƙofa, kuma da ƙofar za a san ka har tsufa. Ranar da Akofa ta zo, rungume da littafi kamar garkuwa, Fo Kpakpo ya dube ta ta saman tabarau.

"A ba ta Ja. In ta rayu tamu ce."

"Ja zai kore ta kafin ta zauna," in ji Selom. "Mai Ruwa zan ba ta."

"Mai Ruwa? Kai, Selom, yarinyar mutane ka kawo mu yi mata maganin barci?"

"Wannan mai karatu ce, Fo. Ta iya jira."

A tarihin shagon kaf, ba wanda ya taɓa shiga ta Mai Ruwa sai ita. 'Yan Ja sun fi yawa, 'yan Zinariya na biye, akwai ma wani bawan Allah da aka shigar ta Akuya don mugunta. 'Yar Ruwa kuwa ɗaya ce. Mai makoki ba mai alfahari ba ce, amma tana so a rubuta wannan a inda ba zai goge ba.

A ranar ne aka gabatar da ita ga marigayin. Selom ya warware igiyar, ya sa kunne ɗaya a nasa, ya miƙa mata ɗayan.

"Mai abu dama, baƙo hagu. Haka ake yi, Davi."

Davi yake ce mata, wato 'yar ƙanwa. Haka kuwa aka yi, shekara da shekaru. Ta hagu ta san Togbi. Ta hagu ta bi Zinariya, ta hagu ta daure wa Ja har ta fara son sa, ta hagu ta yi dariyar Akuya a ɓoye. Duk mai jin wannan kiɗa ya san Togbi ba ya zuba abu ɗaya a kunnuwa biyu: jitar da ke kuka a hagu daban, wadda ke ba ta amsa a dama daban. Akofa ta san rabin kowace waƙa kamar tafin hannunta, ɗaya rabin kuma ta bar wa Selom amana, ba ta taɓa tambaya ba.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da riƙon sirri. Ya sha gumi, ya sha ruwan sama, ya taɓa faɗawa cikin miyar akume, tuwon masararmu, ya fito da ransa. Idan aka murɗa bakinsa a jikin waya yakan ce "tsss", sannan "kar, kar", kamar dattijo na gyaran murya kafin ya yi magana. Amma babbar nagartarsa ita ce gajartar igiyarsa. Ba ya yarda mutum biyu su yi nisa. In Selom ya juya kallon mai babur, sai kan Akofa ya bi shi. In suna tafiya dole ƙafa ta zo ɗaya. Marigayin ya haɗa kafaɗu fiye da duk wani benci a garin nan, bai kuma taɓa gorantawa ba.

A tsakiyar Mai Ruwa akwai wata doguwar waƙa, tsawonta ya isa a soya doyar koliko kasko guda a kwashe. Jita ce guda take tafiya a hankali, kamar mai neman gida a unguwar da ta canja. A gindin kwakwar bakin teku suke jin ta. Akofa takan rufe ido. In ta buɗe sai ta ga Selom yana kallon jiragen da ke jiran shiga tasha, yana ɓare gyaɗa. Selom da ke tsallake waƙa in ta yi masa sanyi, bai taɓa tsallake wannan ba. Ta ɗauka lallai abin da ke gudana a dama ya fi na hagu daɗi.

Ciwon ajali ya fara ne daga kunnen dama. Ya soma shaƙewa, ya koma magana sai an matsa masa wuya, daga baya ya yi shiru ɗungurungum. A makon ne Selom ya sayo wasu farare marasa igiya, masu kwana a cikin ɗan akwati kamar 'ya'yan gata. Ya dunƙule marigayin ya sa mata a tafin hannu.

"Riƙe, Davi, ya zama naki. Ai hagun na aiki."

Ta yi godiya, don an koya mata godiya. Sai da ta shiga ɗaki ta gane an sallame su ne su biyu.

Asabar ɗin da ta biyo baya Selom ya zo shago da baƙuwa. Delali sunanta, tana koyon aikin jinya, tana dariya da haƙoranta duka, kuma ta sayi baƙar riga sabuwa fil don zuwan. Ta tsaya gaban kantar tana tafa hannu.

"Wayyo, duk mutum ɗaya ne ya yi waɗannan? Ba ya barci? To ni ta ina zan fara?"

Akofa na bayan fanka da littafinta. A zuciyarta ta ce Zinariya. Zinariya ta dace da mai irin wannan dariya. Ko Ja, don a ga ƙarshen dariyar. Kanta cike da kundaye, ƙofofi sun fi na asibiti yawa.

"Mai Ruwa," in ji Selom.

Fo Kpakpo ya saci kallon bayan fanka, ya koma kan aikinsa da sauri. Selom ya buɗe ɗan akwatin, ya ɗauki kunne ɗaya ya miƙa wa Delali. Na dama. Mai makoki ta duba sau biyu, idonta lafiya lau, da shi take karatu. Na dama ya ba ta, ranar farko, ita da ko sunan Akuya ba ta sani ba. Shi kuwa ya saka na hagu. Kuma ana so jama'a su lura: farare ba su da igiya. Mutum na iya zama a Dekon ɗaya na bakin titi su ji waƙa ɗaya. Babu abin da ya tilasta musu zama kafaɗa da kafaɗa. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa.

Daga nan Akofa ta duƙufa jinyar abin da ya rage mata. Ta naɗe masa wuya da jan salatif. Ta koyi naɗa igiyar a yatsa ta karkata kai gefe, don a haka kaɗai yake magana, har mahaifiyarta ta tambaya ko wuyanta ne ya sanƙare. Ranar Talata, a cikin mota, jitar nan tana tsakiyar neman gida, ya ce "tsss". Ta jira "kar, kar". Bai zo ba. Ta sauka a Dekon ta kai shi wurin Fo Kpakpo, ya gwada shi a waya uku, ya cire tabarau.

"Davi, sai haƙuri. Wannan ya tafi."

Marigayin ya rasu ya bar waya guda mai tsagaggen gilashi, wadda raminta ya zama marayan rami, da robar kunne ɗaya da ta ɓata tun bara ana kyautata zaton tana ƙarƙashin gado, da mai makoki. Ya kuma bar tsohon mai shi, wanda har zuwa rubuta wannan sanarwa bai leƙo gaisuwa ba, ko da yake taku kaɗan ne tsakanin ƙofarsa da tata. Farare biyun nan ba danginsa ba ne, kada a yi musu ta'aziyya.

Wadda ta zo gaisuwa ita ce wadda ba a sa rai ba. Delali ta shigo tsakar gida da ablo, wainar masara, mai zafi a ganye, ta zauna a kan turmi ba a ce ta zauna ba.

"Yaya Akofa, na ji abin da ya faru, sannu. Amma don Allah ki cece ni. An ce ke ce 'yar Ruwa. Me kuke ji a cikin abin nan?"

"Ba kowa yake kamawa ba," in ji Akofa, tana jin daɗin bakinta.

"Farkon da dama-dama. Amma doguwar nan ta tsakiya! Babu komai a ciki fa. Iska ce kawai, fuuu, kamar an bar taga a buɗe. Na ce wa Fo Selom nawa ya lalace, ya ce lafiyarsa ƙalau, haka Togbi ya yi ta, duk kiɗan a hagu ya zuba. Na ce to mu yi musaya mana. Ya hana! Ya rufe ido ya bar ni da iska. Da ta ƙare har yana cewa wai ashe haka take. Mutumin da ya ce ya yi shekaru yana jin ta!"

Akofa ta dubi ablon. Ta tuna gindin kwakwa, da jirage, da ɓawon gyaɗa da ke taruwa a gaban Selom, tun daga farkon waƙar har ƙarshenta, kowane zuwa. Ta so ta yi murna. Sai kuma ta tuna cewa jitarta ce yanzu a kunnensa, ya ji ta a karon farko yana jingine da kafaɗar wata, murnar ta koma ta zauna.

"Ja ya kamata a ba ki," ta ce. "Ki ce masa ni na ce. Ki ƙure sauti."

Delali ta yi godiya har da riƙe mata hannu. Mai makoki na so a sani shawarar gaskiya ce. Ba laifinta ba ne in ta zo daidai da son ranta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar a bayan shagon Fo Kpakpo, gindin bishiyar mangwaro. Baƙar riga ta wadatar, kowa na da ita. Za a kunna Mai Ruwa daga farko har ƙarshe a manyan lasifikan shago, hagu da dama tare, ba tsallakewa. An keɓe wa Fo Selom kujera a gefen hagu. Masu farare su bar su a cikin akwatinsu, don girmama mamaci. Ba a karɓar gudunmawar sabon iyafis.

Waɗanda za su buɗe kwalin ashanar da aka sa marigayin za su tarar da igiya da kunnen hagu kaɗai. Kada a nemi na dama, kada kuma a nemi mai makoki idan doguwar waƙa ta fara. An yanke shi da almakashin mahaifiyarta, yana aljihunta. Fo Kpakpo ya ce mataccen kunne ba ya fitar da komai, ita kuwa ta gwada shi a gindin kwakwa ta ji yana fitar da daidai abin da Selom ya riƙa ji.

Ta liƙa wannan takarda a ƙofar shago lokacin da Fo Kpakpo ya sunkuya neman wata ƙaramar ƙusa, ta bi ta lungun masu sayar da caja ta fice, littafinta a ƙirji, hannu ɗaya a aljihu.