Ranar da Na Jiƙa Falankin Maraɗi

Shekarar da aka fara shigo da falankin Turawa daga Maraɗi, mai fuska sumul, na saya don a haɗa wa matata kabad. Kafinta ya ce, "Malam, kada ruwa shi taɓa shi." Na yi masa murmushin manya. Ai ko azara a kududdufi muke jiƙa ta saboda gara. Da kaina na kai falankin kududdufi, na danne da duwatsu.

Ashe falle-falle ne aka manna da gam. Na ɗago shi yana ɓarewa kamar albasa, mata masu wanki suna kallo. Matata kuwa ta ci gaba da jera kwanoninta a ƙasa.

Har yau a kasuwar Jibiya sai an tambaye ni, "Baba, yau mi za mu jiƙa?"