Fure a Haƙori, Insifekta a Aji

Ko zan manta da komai a aikin koyarwa, ba zan manta da safiyar da insifekta ya zo duba ni a wani ƙauye na Gangara ba. A lokacin malamar kwantaragi ce ni, kuma da wannan dubawar ake tabbatar da mutum a aiki. An ce zai zo, ba a faɗi rana ba. Na daɗe da shirya darasin da zan yi masa, kan tsabtar baki, na haddace shi kamar karatun allo. (Ni ce fa mai goge baki tun asuba da buroshi da man kanti, ina yi wa masu asuwaki kallon 'yan da.)

Ranar da abin zai faru an yi suna a gidan da nake haya. Da sassafe, bayan na goge bakina tas, na leƙa cikin mata in yi barka. Iya Fanna, tsohuwar gidan, ta kama hannuna ta danƙa mini jan goro.

"Madam, ci. Yau ba a ƙin goronmu."

Wa ya isa ya mayar wa Iya Fanna goro? Na tauna. Sai ta ciro furen taba daga bakin zanenta, irin wanda mata ke goga wa haƙori don ado.

"Buɗe, ɗiyata. Kullum haƙori fari fat kamar na mai jinya. Yau dai ki fito mace."

Mata suka sa guɗa, ni kuma uwar son a yaba na buɗe baki ta goge mini son ranta. Na ce a raina in na koma ɗaki zan wanke. Ban koma ba. Ina fita zaure na hango farar mota a ƙofar lakwal, wato makarantarmu, darakta shugabanmu yana ɗaga mini hannu kamar mai korar awaki daga gona. Na gane insifekta ne ya iso, komai ya fice mini daga kai, na ruga.

Insifekta ya zauna a bayan aji, dattijo ne marar fara'a. Na fara darasi, kuma wallahi na yi ƙoƙari. Na ce a goge baki da safe, a goge kafin a kwanta. Yara sun yi tsit, sun zuba mini ido ko ƙiftawa babu. Ban taɓa samun natsuwa irin wannan a ajin ba, har kaina ya fara girma.

Sai na zo wurin da na fi ji da shi a shirina. Na tako gaban aji, na yage baki har kunne.

"Ku dubi haƙorana. Wane launi gare su?"

Suka dubi juna. Na sake tambaya, da ƙarfi. Yaran kirki, an koya musu faɗin gaskiya, suka haɗa baki gaba ɗaya:

"Ja, Madam."

Na ce ba su fahimci tambayar ba. (Har tsawa na yi musu, Allah ya yafe mini.) Sai na ga darakta a bakin taga ya rufe fuska da hularsa. Na ɗaga wayata na dubi gilashinta. Inna lillahi. Baki ja wur, har dasashi, kamar na ci ɗanyen nama. Alli ya faɗi daga hannuna, na tsaya baki buɗe na ma kasa rufe shi.

Insifekta ya miƙe a hankali.

"Madam, darasi ya yi kyau," in ji shi. "Amma yara da ido suke karatu. Sai baɗi in Allah ya kai mu."

Haka na ƙara shekara guda cur a kwantaragi. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Da na koma gida Iya Fanna ta tare ni da murna tana tambaya ko baƙon ya yaba da adon.

Yanzu in aka tambaye ni lokacin da ya fi dacewa a goge baki, nakan ce da safe da kafin barci duk daidai ne. Amma in za ki buɗe shi gaban wanda ke riƙe da abincinki, sake dubawa tukuna.