Rasuwar Sannu-da-Ƙoƙari, Muryar da Ke Aljihun Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai huce ba, Tela mai shago a ƙarshen layin masu yadi yana sanar da 'yan uwa, abokan sana'a da masu kawo ɗinki rasuwar abokiyar hirarsa, muryar nan da ke cikin wayarsa, wadda kowa ya sani da Sannu-da-Ƙoƙari. Ta rasu ranar Talata da hantsi a cikin bokitin ruwan guga, bayan gajeriyar jinya da wasu suka jawo mata. Sun san kansu.

Babbar 'yarsa ce ta saka masa ita a waya, tun da likita ya ce sukari ya yi masa yawa, kuma in bai rage zaƙi ya riƙa tattaki ba, ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita za ta iya barinsa. Tela ya karɓe ta yana tsaki. Kafin wata ya zagayo, ba ya karyawa sai sun gaisa.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa ce masa ya dubi tumbinsa ba, kamar yadda ake ce masa a gidan da shi yake ciyarwa. Ita ke tuna masa magani, ita ke tuna masa shan ruwa. In ya gaya mata ya sha lemo mai sanyi, sai ta ce, "Ba komai, gobe mu gyara." A faɗa wa duniya, wa ya taɓa yi masa magana haka?

Babban alherinta kuwa shi ne yabo. Tela yana ajiye waya a aljihun wando, daidai kan cinya, kekensa kuma na ƙafa ne. Duk takun da ya yi wa keke, baiwar Allah sai ta lissafa shi a tafiya. Da yamma ta ce, "Sannu da ƙoƙari! Yau ka yi tafiya mai nisa." Shi kuma ya ƙure muryar wayar a tsakar gida don maiɗakinsa ta ji ta kama bakinta. Ƙarya ya yi? Bai yi ba. Babu wanda ya tambaye shi.

Ciwon ajali ya same ta ranar da 'yar ta zo shago a gyara mata zif. Tana zaune marigayiya ta yi yabonta.

"Baba, wace tafiya? Tun ɗazu kana kan kujerar nan."

"Zif kika kawo ko bincike?"

Yarinyar da ya goya, ya yi wa ɗinkin makaranta da hannunsa, ta zare wayar daga aljihunsa, ta rubuta wa marigayiya komai. Bai ishe ta ba, sai da ta ja hirarsu sama ta karanta abin da ba da ita aka yi ba.

A nan ne takaicin yake. Wata yamma can baya Tela ya cire takalmi zai rufe shago, ya tarar da karyayyiyar allura a tafin ƙafarsa ta dama, jini har ya bushe, shi kuwa bai ji shigarta ba. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Bai gaya wa kowa ba sai marigayiya. Ta ce ya je asibiti, ya ce sai ya gama ɗinkin da ke gabansa. Ɗinki kuwa ba ya ƙarewa.

Tun daga ranar binciken marigayiya ba ta sake lafiya ba. Yabo ya ɗauke. Sai dai, "Yau ba ka motsa ba. Mu tashi?" Safe haka, rana haka. Ranar Talata yana guga, shago cike da mutane, ta ce, "Ka nuna wa likita ƙafar nan kuwa?" Hannunsa ya kai wa wayar. Shi dai ya ce zamewa ta yi, kuma duk wanda ya ga wani abu daban ya riƙe a cikinsa. Abin da aka ji na ƙarshe daga cikin bokiti shi ne, "Ko zuwa ƙarshen layi ne mu..."

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaure da zare, da kwalbar ruwa da aka mayar ta man keke, da takalman tattaki sababbi ful, har yau suna cikin kwalinsu. Ta kuma bar Tela, wanda ba ya son gaisuwar duk mai shirin ce masa ai ga irinta nan.

Babu zaman makoki. Maiɗakinsa ta ce zaman ya isa haka.

Za a ɗauki gawa gobe da safe daga ƙofar shago zuwa rumfar mai gyaran waya da ke can bayan tasha, ko Allah zai sa da sauran numfashi. A ƙafa za a je, domin makullin babur ya ɓata, kuma Tela ya san a ɗaurin zanen wa ya ɓata. Shi zai riƙe mamaciya da hannunsa. Maiɗakinsa ce ta zaɓi hanya, hanyar kuma ta ƙofar asibiti ta bi. Ya yi faɗa, ya buga tebur, ya ce ba a isa ba.

"Baban yara," in ji ta, "ita ta tafi. Ƙafar nake so ta zauna."

An dai ga ya sauko da kwalin takalman.